Digirin Tsara Kiɗa: Abin Da Na Gano Bayan Ɗan Yayana Ya Ce Shi Zai Karanta

 

Ni mutumin Kontagora ne. A kwalejin ilimi ta gwamnatin tarayya da ke garinmu na yi NCE, daga nan neman abinci ya kawo ni Legas, inda nake koyarwa a wata makaranta a Agege. Maganar da na kawo yau ta taso ne daga cikin gidanmu, kuma na san akwai gidaje da yawa a zangonninmu da irinta ta shiga, ko take bakin ƙofa.

Shekaru uku da suka wuce na je gida Babbar Sallah. Bayan mun dawo daga kallon hawa a ƙofar fadar Sarkin Sudan, sai Yayana ya kira ni zaure, fuska ba walwala, ya ce, "Malam, zauna ka ji abin da ɗanka yake faɗa." Yaron yana durƙushe, kansa a ƙasa. Ya ce, "Baffa, ni kiɗa nake so in karanta a jami'a. Tsara kiɗa." Yaya ya ce, "Ka ji ko? Mu ba mu gaji roƙo ba. Na biya masa kuɗin WAEC da NECO don ya je ya koyo bin gidajen biki?"

Gaskiya ni ma a ranar dariya ta kusa kuɓuce mini. Amma na san yaron. Tun yana aji uku na sakandare yake zama a wani ɗan situdiyo a cikin gari, duk waƙar da ya ji sau ɗaya sai ya fitar da ita a fiyano. Sai na ce, "Yaya, a ba ni lokaci in bincika. Matambayi ba ya ɓata." Abin da na tattara ke nan nake so in baje muku.

Mene ne tsara kiɗa?

Mu Hausawa in an ce mawaƙi, mutum ɗaya muke gani: shi ya ƙirƙiri waƙar, shi ya sa mata rauji, shi yake rerawa, 'yan amshi da makaɗa suna bin sa. Haka Mamman Shata ya yi da kalangu, haka Narambaɗa da Ɗanƙwairo suka yi da kotso, haka Ɗanmaraya Jos ya yi da kuntiginsa shi kaɗai. Komai a ka yake, sai abin da rediyo da kaset suka adana.

A jami'a an rarraba aikin. Akwai mai rerawa, akwai mai kaɗawa ko busawa, akwai mai nazarin kiɗan al'umma, akwai kuma mai tsarawa. Mai tsarawa shi ne kamar mai zanen gini. Shi zai zauna ya ƙirƙiri sautin, ya rubuta a takarda abin da kowane kayan kiɗa zai yi, da lokacin da zai shigo, da lokacin da zai yi shiru. Rubutun yana da haruffansa: layuka biyar a jere, ana ɗora musu alamomi, kowace tana nuna hawa ko saukar sauti da tsawon jansa. In an gama, makaɗin da ke Nsukka ko Alƙahira ko Landan, wanda bai taɓa ganin mai tsarawar ba, zai ɗauki takardar ya fitar da kiɗan yadda aka nufa.

Misali mafi kusa shi ne taken ƙasa. Wanda muka tashi da shi daga 1978, Benedict Odiase ne ya tsara kiɗansa, shugaban 'yan badujalar 'yan sanda a lokacin. Wanda aka dawo da shi a watan Mayun 2024 kuma, na 1960 ne, wata Baturiya Frances Benda ta tsara. Duk makarantar da yaranmu suke rera shi da safe, rauji ɗaya ne, saboda a rubuce yake.

Ina ake karanta shi?

Nan ne na ga dalilin da ya sa maganar ta fi shafar mu mazauna Kudu. Yawancin sassan koyar da kiɗa a jami'o'in Najeriya a nan ƙasan suke, kusa da mu. Jami'ar Najeriya da ke Nsukka ita ce ta fara buɗe sashen kiɗa a 1961. Akwai a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, da Jami'ar Badun, da Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo, da Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka, da Jami'ar Jihar Delta da ke Abraka, da ta Uyo, da ta Fatakwal. A Jami'ar Legas da ke Akoka an daɗe ana koyar da shi tare da zane da wasan kwaikwayo. In an haura sama akwai Ilori, inda yake cikin sashen wasanni, sai kuma Jos.

A Kano da Zariya da Sakkwato, abin da aka yi ƙarfi a kai shi ne nazarin waƙar baka a sassan harsuna. Aiki ne babba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya shafe shekaru yana tattara tarihin makaɗa da mawaƙan Hausa da hanyar nazarin waƙoƙinsu. Sai dai can hankali ya fi karkata ga kalmomin waƙa, da salo da jigo da tarihin mawaƙi. Mai son koyon rubuta sautin kansa, hanyarsa ta fi miƙewa zuwa Kudu ko Jos.

Wani abin lura: a Najeriya digirin sunansa digirin kiɗa ne gaba ɗaya, shekara huɗu. Kowa tare ake farawa. Sai an yi nisa, galibi aji uku zuwa huɗu, ɗalibi yake zaɓar ɓangaren da zai ƙware, ko tsarawa, ko kaɗawa da rerawa, ko nazarin kiɗan Afirka, ko koyarwa, ko fasahar ɗaukar sauti. Don haka yaro ba zai ga "tsara kiɗa" a fom ɗin JAMB ba. Kiɗa zai cike.

Ban da jami'a akwai wasu ƙofofin. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Badun tana da sashen fasahar kiɗa. A Onikan cikin Legas akwai MUSON, ƙungiyar da aka kafa a 1983, tana da makarantar da ke ba da difloma ta shekara biyu, kuma gidauniyar MTN ta daɗe tana ɗaukar nauyin ɗalibai a can. Kwalejojin ilimi da dama suna ba da NCE a kiɗa. 'Yan uwanmu na Gana suna da Legon da Winneba, na Nijar kuma suna da cibiyar horar da makaɗa ta Elhaji Taya a Yamai.

Sharuɗɗan shiga, da inda muka yi tuntuɓe

Na farko, kiredit biyar a WAEC ko NECO, dole da Turanci a ciki, kuma ya fi kyau a haɗa da lissafi don jami'o'i da yawa suna nema. Na biyu, jarrabawar JAMB mai darussa huɗu: Turanci da wasu uku, waɗanda kowace jami'a take fayyace irin waɗanda take karɓa. Na uku, sashen kiɗa yakan kira ɗalibi gwaji ido da ido. Za a sa shi ya rera ko ya kaɗa wani abu, a buga sauti a fiyano a ce ya maimaita, a tafa hannu a ce ya bi, wani lokaci a ba shi 'yar jarrabawar ƙa'idojin rubutun kiɗa. Wanda ya riga ya yi NCE ko difloma a fannin yana iya neman shiga aji biyu kai tsaye, abin da yara suke kira DE.

To ga inda matsalarmu take. Kiɗa darasi ne da ake rubutawa a WAEC, amma yaronmu tun daga firamare har ya gama sakandare bai taɓa ganin malamin kiɗa ba. Yaran da zai yi gogayya da su kuwa, da yawansu a ƙungiyar mawaƙan coci suka tashi, tun suna shekara bakwai suke karanta do-re-mi kamar yadda namu suke karanta baƙi da wasali. Wannan tazarar gaskiya ce, kada a ɓoye wa yaro.

Mu kam mun yi asarar shekara guda. A karon farko yaron ya je wani shagon intanet ya ce a cike masa fom, mai shagon ya zaɓa masa darussan da ya ga dama ba tare da duba littafin jagora na JAMB ba. Maki ya yi kyau, amma haɗin darussan bai dace da jami'ar da ya nema ba. Kuɗin fom ya tafi, kuɗin mota ya tafi, Yaya kuma ya ce, "Ai dama na faɗa." Don Allah duk mai ɗa da zai cike fom, a zauna a karanta jagorar shekarar tukuna, a kuma leƙa shafin jami'ar, don sharuɗɗan sukan canja.

A shekarar da ya zauna, sai na ɗauko shi ya dawo wurina a Agege. Akwai wani abokin aikina Bayarabe da ke koyar da kiɗa a makarantarmu, shi ya riƙa zama da shi da yamma. Shi ne ya nuna mana jarrabawar matakai ta hukumar ABRSM ta Ingila, wadda ake yi a Najeriya, daga mataki na 1 zuwa na 8, MUSON ma tana da irin tata. Wasu jami'o'in suna karɓar shaidar mataki na 5 a ƙa'idojin kiɗa a madadin kiredit ɗin kiɗa na sakandare. A cikin wata tara yaron ya iya karanta rubutun, domin kunnen yana nan tun asali, haruffan ne kawai babu.

Me ake koyarwa a shekara huɗun?

Na duba littattafansa, na kuma sha yi masa tambayoyi. Shekarar farko ƙa'idoji ne da horar da kunne: malami ya buga sauti, kai kuma ka rubuta abin da ka ji, kamar shifta. Kowa sai ya koyi fiyano ko da ba ita ce kayan kiɗansa ba, sannan ya zaɓi nasa na musamman, da wani na gargajiya.

Daga nan sai ilimin haɗa sautuka, wato yadda sauti uku ko huɗu za su tashi lokaci ɗaya su yi daɗi. Sai ilimin saƙa rauji biyu ko fiye, kowanne yana tafiyarsa amma ba sa karo. Sai ilimin rabon aiki ga kayan kiɗa: me ya dace da abin busa, me ya dace da mai tsirkiya, wane sauti ne ya fi ƙarfin wannan ko ya yi wa wancan ƙasa. Ana karanta tarihin kiɗan Turai da na Afirka, ana warware aikin magabata a ga yadda suka gina shi. Akwai aikin kwamfuta da na situdiyo. Akwai kuma atisaye na rukuni da ba a tsallakewa, shi ya sa ɗalibin kiɗa yakan kai dare a sashe alhali abokansa sun koma ɗaki.

A shekarar ƙarshe, mai ƙwarewa a tsarawa zai ƙirƙiri nasa aikin, ya rubuta shi cikakke, ya haɗa da bayanin yadda ya gina shi, ya nemo waɗanda za su kaɗa, a gabatar a gaban malamai. Wannan ne kundinsa.

Abin da Bahaushe yake shiga da shi

Kada yaranmu su ɗauka hannu rabbana za su je. Hausa harshe ne mai karin sauti da dogon wasali da gajere. "Wuya" ta jiki daban, "wuya" ta wahala daban. "Kuka" na hawaye daban, "kuka" ta miya daban, murya ce kawai take raba su. Shi ya sa kalangu yake magana, mai ji kuma ya gane. Duk wanda zai ɗora wa kalmomin Hausa rauji dole ya san wannan, in ba haka ba ya juya ma'ana. Wanda ya sha harshen a nono ya riga kowa.

Manyan matsara kiɗa na ƙasar nan da abin gidansu suka yi suna. Fela Sowande, wanda aka haifa a 1905 ya rasu a 1987, raujin Afirka ta Yamma ya ɗauka ya tsara wa kayan kiɗan Turawa. Akin Euba, da ya rasu a 2020, ya shahara da sa fiyano ta yi aikin gangar Yarbawa. Joshua Uzoigwe ya yi haka da kiɗan Ibo. Ayo Bankole a Jos aka haife shi a 1935. Shi kansa Fela Kuti sai da ya je kwalejin kiɗa ta Trinity a Landan a 1958.

To mu fa? Kakaki da algaita da farai da tambarin da ake yi wa Sarkin Sudan tun zamanin Umaru Nagwamatse, da goge da kukuma da garaya da gurmi, da kiɗan ƙwarya irin na Barmani Coge, da kiɗan maƙwabtanmu Kambari da Dukkawa da Kamuku, wa zai rubuta su? Turawa sun yi nasu ƙoƙarin, kamar David Ames da Anthony King da suka fitar da littafin kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Amma yau je ka situdiyo a Kano ko Kaduna ko Kontagora, fiyano ce da kwamfuta suke kwaikwayon kalangu. Tsofaffin da suka san ainihin kiɗan suna ta tafiya, 'ya'yansu da yawa sun kama acaba. Yaron ya gaya mini wani abu da ya tsaya mini a rai: sautin goge da algaita ba ya zama daidai a kan maɓallan fiyano, akwai ɗan abin da yake faɗawa a tsakani. In fiyano kaɗai aka bari, wannan ɗan abin shi ke nan ya ɓace.

Maganar roƙo da maganar addini

Damuwar Yaya ba ta banza ba ce. A al'adarmu kiɗa sana'ar gado ce, kuma an haɗa ta da roƙo, har wani gidan ba ya ba makaɗi aure. Abin da na ce masa shi ne, "Yaya, mai digirin nan albashi ko kuɗin aiki yake karɓa, ba ya tsayawa a kan kowa ya wasa shi." Na kuma tuna masa cewa Jami'ar Ahmadu Bello da kanta ta ba Shata digirin girmamawa na dakta a 1988.

Ta fuskar addini kuwa, kowa ya san malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa tun da daɗewa, akwai masu haramtawa, akwai masu sassautawa da sharuɗɗa. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, kowane gida ya tambayi malamin da ya amince da shi. Abin da tarihi ya tabbatar dai shi ne masana irin su Alkindi da Alfarabi sun yi rubutu a kan ilimin sauti. Abu ɗaya kuma da ya kamata iyaye su sani tun kafin a tafi: wani kaso na waƙoƙin da ake koyo da su a waɗannan sassan daga al'adar coci suka fito, don ta nan rubutun kiɗa ya shigo Kudu. Yaronmu ya sami malamansa da ladabi ya yi musu bayani, inda ake da zaɓi suka ba shi wani abin. A yi wannan maganar a gida tun wuri, kada yaro ya je ya rasa yadda zai yi.

Ina abincin yake?

Wannan ita ce tambayar da uba yake jira. Ba zan yi muku daɗin baki ba: babu ofishin da yake jiran mai digirin kiɗa da kujera. Amma ga ƙofofin da na gani da idona. Makarantun kuɗi a Legas da Badun da Abuja suna ɗaukar malaman kiɗa, abokin aikin nan nawa har darasin gida yake yi bayan an tashi. Soja da 'yan sanda da sojan ruwa suna da 'yan badujala, sojan ƙasa ma suna da makarantar kiɗa a Ojo. Akwai sautin fim, na Kannywood da na Nollywood, da tallar rediyo da talabijin, da aikin situdiyo. Mai son koyarwa a jami'a sai ya wuce digiri na biyu da na uku.

Sannan mai ilimin ya san haƙƙinsa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta kare aikin kiɗa tsawon ran mai shi da shekara 70 bayan rasuwarsa. Mawaƙanmu nawa ne ake cin kasuwa da muryarsu a YouTube alhali iyalansu ba sa ganin ko sisi?

Ta wajen kashe kuɗi, ban da na makaranta da ɗaki da abinci, a sa lissafin kayan kiɗan da zai yi atisaye da shi, da kwamfuta in ya yi nisa. Jami'ar tarayya ta fi sauƙi a kan ta jiha ko ta kuɗi, kuma tun 2024 akwai bashin karatu na NELFUND ga ɗaliban makarantun gwamnati. Mu da muke zaune a nan muna da wani rangwamen: yaro yana iya kwana a gida, ko ya zo hutun ƙarshen mako ya ci tuwo ya koma.

Kafin a ce e ko a'a

In ɗanka ko 'yarka ko ƙanenka ya zo da wannan maganar, ga abin da nake ba da shawara. A fara gwada shi: a nemo malamin kiɗa ya zauna da shi wata uku. Wanda sha'awar suna ce kawai take jan sa, yana son ya zama Hamisu Breaker ko Ali Jita gobe da safe, zai gudu da kansa in ya ga karatun ya koma kamar lissafi. Wannan ba ya buƙatar digirin, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda ya jure kuwa, a duba masa jagorar JAMB da kyau, a shirya shi gwajin shiga, a kuma sa shi ya riƙe wata sana'ar a gefe.

Namu yaron yanzu yana aji biyu a wata jami'a a nan ƙasar Yarbawa, shi kaɗai ne Bahaushe a ajinsu. Yaya har yau bai gama sakin jiki ba, in an tambaye shi me ɗansa yake karantawa sai ya ce "fannin fasaha". Amma hutun da ya wuce, yaron ya je gida da wayarsa da littafin layuka biyar, ya ce yana son a kai shi wurin wani tsoho mai busa algaita a bayan kasuwa. Yaya da kansa ya goya shi a babur ya kai shi, ya kuma zauna ya jira har suka gama.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su abin yi na halal, Ya kai matafiyanmu gida lafiya.